Hasumiyar Sallau a Ƙasar Folan

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma tunda ba irin wanda ake faɗa a majalisa ba ne, gara in sa shi a takarda. Ni dama ba mai yawan magana ba ne. Magini ne ni, shekarata sittin da uku, kuma sai da na haura arba'in da biyar na fara riƙe alƙalami. In rubutun ya karkace a yi haƙuri, hannun ya fi sabawa da laka.

Kafin in shiga mafarkin sai na faɗi abu biyu. Na farko, yau bayan azahar dattawan maginan garinmu za su zauna su fid da sabon Sarkin Magina. Mu biyar ne, kuma al'adarmu ita ce in mutum ɗaya ya ce bai yarda ba, magana ta mutu sai baɗi. Sunan da ke bakin kowa shi ne Sallau. Na biyu, Sallau abokina ne tun muna cuɗa ƙasa da ƙafa a wurin maigida ɗaya. Katanga ɗaya ce ta raba gidana da nasa. Na girme shi da damina biyu, kuma kowa ya san in ana maganar ɗaure soro ya tsaya, hannuna ya fi nasa. Shi baki Allah ya ba shi.

Bara 'yarsa da ke karatun likita a ƙasar Poland, wadda mu muke cewa Folan, ta kai shi can ya yi kwana goma sha biyu. Ya dawo da hula mai gashi da wata kalanda mai hotunan tsofaffin gidajen barade da na masu sarautar ƙasar. Wata tara ke nan ba mu da wata hira sai wannan. Ni ne mai saurare. Yanzu na fi shi sanin labarin gidajen nan, don shi yana faɗi yana mantawa, ni kuwa ajiyewa nake yi. Kalandar ma a ɗakina take. Shi ya ba ni, ya rubuta mini sunayen watannin da Hausa, ya ce in riƙa gwada karatuna da ita.

Na kwanta na riga na yanke abin da zan faɗa a taron. Ba shi da tsawo.

Sai na gan ni zaune a cikin baro, irin wanda muke ɗaukar yashi, yana tafiya da ni ba mai turawa. Fili ne fari fat, iyakar ganin ido. Dusar ƙanƙara tana tashi daga ƙasa tana tafiya sama a hankali, shi ya sa mutanen da na wuce duk sun riƙe lemarsu a juye, suna kare haɓa. Ba wanda ya kalle ni.

Baron ya tsaya a gindin wani bututun hayaƙi, shi kaɗai a fili ba gida a jikinsa. A kansa akwai sheƙa, a cikin sheƙar akwai tebur, a bayan teburin wata shamuwa ce da tabarau tana juya babban littafi da baki.

“Suna,” in ji ta.

“Gambo.”

“Na san ka. Ina sauka a kukar bayan gidanku da damina. Amma aiki aiki ne. Sana'a?”

“Gini.”

“A nan ba sana'a ba ce. Me kuma ka iya?”

Na yi tunani na ce, “Saurare.”

“In ka saurara me kake yi da shi?”

Ba ta jira amsata ba. Ta sauko da dogon wuyanta ta kara kunne a ƙirjina, kamar yadda malamin asibiti yake yi. Ta daɗe. Da ta ɗago sai na ga ta gyara zama, har muryarta ta sauya.

“Ranka ya daɗe, ai ba ka faɗa ba. An rubuta ka maƙwabci. Sa hannu a nan.”

Na karɓi alƙalamin na rubuta sunana harafi bayan harafi, ban yi sauri ba. Ko a mafarki ina jin daɗin wannan aikin. Ta ba ni takobi ɗaya da ginshiƙai biyu, ta ce kada in jiƙa su.

Ina tsaye a ƙofar gidana. Ginshiƙan nan biyu ne a kafe, da ɗan rufi a kansu, da ƙofar katako mai kyau. Na buɗe ƙofar na shiga, sai na gan ni a waje ta baya. Na sake zagayowa na shiga, haka dai. Gidan ke nan gaba ɗaya.

Wani mutum yana huɗa a gonar da ke gefe. Sanye yake da sulke da kwalkwali, ƙafarsa ba takalmi, takobinsa yana jan ƙasa yana yin wata kunya ta biyu kusa da ta garmar. Gashin bakinsa ya kai kafaɗa, ya ɗaure shi ta baya don kada ya taka. Ya ajiye garmar ya zo ya rusuna, ya ce sunansa Pan Dobek. Hausarsa irin ta Katsinawa ce.

“Barka da tarewa, ɗan'uwa mai girma. Gida ya yi kyau.”

“Ba ɗaki,” na ce.

“Ɗaki na masu barci ne. Ginshiƙai su ne sarauta. A ƙasar nan mai ginshiƙi biyu da mai ɗaki ɗari duk daidai suke, ɗan'uwa suke kiran juna.”

“To me ya sa kowa ke yawo da igiyar awo a wuya?”

“Daidai muke,” in ji shi. “Amma awo ba laifi ba ne.”

Sai ya nuna mini da baki abin da ke gabana, wanda ban san yadda aka yi ban gan shi tun farko ba.

Tudu ne da aka tara da hannu, an zagaye shi da rami mai faɗi cike da ruwa. Akwai gadar katako mai sarƙa, wadda ake ɗagewa in ba a son baƙo. A kan tudun hasumiya ce ta jan bulo, hawa huɗu, da 'yan tagogi sirara kamar tsagar asusu. Ita ce ta watan Maris a kalanda, na gane ta. Amma da na dube ta da idon magini sai na ga kusurwarta ta karkata hagu da kamar yatsa biyu. Mutum ɗaya na sani a duniya da kusurwarsa ke karkata hagu. Shekara hamsin ina bin bayansa ina gyarawa ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Tagar sama ta buɗe, hula mai gashi ta leƙo.

“Mai-shiru! Kai ne? Ka ga ɗan wurin da na samu?”

Na ji abin nan da na saba ji a ƙasan ƙirjina, kamar na haɗiye garwashi ƙarami. A daidai lokacin sai na ji ƙas, ƙas, ƙas. Sabon jerin bulo ya hau kan hasumiyar, ya zauna da kansa, har da siminti.

Pan Dobek ya cire kwalkwalinsa ya riƙe a ƙirji. “Ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba.”

“Wa ke ginawa?”

“Kai mana. A nan gida da ƙyashin maƙwabci yake tashi. Ka kalla, ka ji zafi, bulo ya hau. Kakanninmu da haka suka gina duk abin da kake gani.” Ya yi ajiyar zuciya. “Ni Allah ya haɗa ni da maƙwabci mai wadatar zuci. Shekara talatin hasumiyata ba ta wuce gwiwa ba. Kullum sai ya leƙo ya ce Allah ya sanya alheri. Na kai shi ƙara sau biyu.”

Ya ja ni ya kai ni in ga tasa. Gaskiya ne, kaza tana tsallake ta. Ya roƙe ni in ɗan kalla ko da hawa ɗaya ne, ya ce yana da doki, yana da zuma tulu bakwai, kakansa ya kashe damisa, duk don in ji haushi. Na kalla iyakar ƙoƙarina. Ko ƙura ba ta motsa ba.

“Ka yi haƙuri,” na ce. “Ban san ka ba.”

“Haka ne,” in ji shi. “Sai wanda aka ci tuwo kwano ɗaya da shi. Na dai gwada.”

Na koma ƙarƙashin ginshiƙaina na ce ba zan ƙara kallo ba. Na juya wa hasumiyar baya. Inuwarta ta zagayo ta gabana ta zauna, ta tanƙwashe ƙafa. Na rufe ido. Ashe wannan ya fi muni, don da ido a rufe na fi ganinta sosai, har da labule. Kafin in buɗe an ƙara hawa biyu da wata 'yar hasumiya a gefe mai tuta.

Ina kan gadar. Wasu mutane biyu masu jajayen riguna suka karɓi barona suka kwance tayar suka jefa a ruwa. Sallau ya taɓa gaya mana haka ake yi wa baƙon da ake ƙauna, don kada ya yi saurin tafiya. Aka miƙo mini burodi da gishiri a faranti. Na ci gishirin na mayar da burodin, aka ce na iya.

Sallau ya sauko da kansa. Yana sanye da doguwar riga mai ɗamara ta zinariya, amma a ƙafarsa silifas ɗin nan nasa ne mai igiyar waya.

“Mai-shiru, ka rame. Ko hanya ce?”

“Hanya ce.”

“Zo ka ga aikinka. Wallahi ba ni da magini kamarka, na faɗa wa mutanen nan.”

Ya kama hannuna muka fara daga ƙasa. Ɗakin farko ƙarami ne, bulonsa ya yi baƙi don tsufa.

“Ka tuna wannan? Ranar da maigida ya ce in hau katanga, kai ka tsaya a ƙasa kana jefo mini tubali. Kana da shekara sha uku, ni sha ɗaya. Daren nan ka gina shi.”

Muka hau. Wani ɗaki mai murhu: ranar da ya sayi keke. Wani mai ginshiƙi a tsakiya: ranar da 'yarsa ta ci jarrabawa, nawa ɗan ya faɗi. Wani dogon zaure da aka jera garkuwoyi a bango: ranar da mutanen rediyo suka zo ganin soron masallacin unguwa, wanda ni na ɗaure shi da hannuna, suka miƙa wa Sallau abin magana saboda ni na tsaya ina neman kalmar farko.

“Wannan kam ka yi ƙoƙari,” in ji shi, yana shafa bangon. “Dubi kauri. Igwa ba ta fasa shi.”

Ba gatse yake yi ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan. Sallau bai iya gatse ba, godiya yake yi tsakaninsa da Allah.

A hawa na ƙarshe aka shimfiɗa tebur. Barade sun cika shi, kowa ya jingine takobinsa a kujera ya ɗora gashin bakinsa a kan kunne don ya sha miya. Miyar ja ce kamar zoɓo. Sallau yana ba su labarin garinmu, suna buɗe baki. Ya ce a can ana gina ɗaki da ƙasa da ruwa da ƙafar mutum kawai, ya yi shekara ɗari. Ya ce, “Mu muka yi,” suka buga tebur. Na jira ya nuna ni. Ya nuna ni kuwa, ya ce, “Ga shi nan, ku tambaye shi, sai dai ba ya magana.” Suka yi dariya suka ƙara masa miya.

Mai zuba miyar ta zo kaina, sai na ga Tabawa ce, matata. Ba ta yi mamakin ganina ba.

“Malam, ka ga tagogin nan? Iska ta ko'ina. Ba irin ɗakinmu ba.”

“Ni na gina,” na ce.

“To ai shi ne. Ka iya ashe.”

Rufin ya ɗaga ya ba da wuri. Hawa uku suka shigo a jere, tsinin hasumiyar ya huda gajimare, dusar da ke tafiya sama ta riƙa kauce masa. Baraden suka miƙe suka yi mini jinjina da cokali.

Taro. An yi shi a kan wani tafki da ya daskare. Gidajen ma sun zo, kowanne ya tako da ƙafarsa ya tsuguna a bayan mai shi. Nawa ginshiƙan sun tsaya a bayana kamar 'yan rakiya biyu da ba a ba su abinci ba. Pan Dobek a aljihu ya kawo hasumiyarsa. Hasumiyar Sallau kuwa sai da aka matsar da daji kafin ta samu wurin zama.

Shamuwar ta hau kan teburinta ta buɗe littafi. Ta ce an taru ne don a naɗa Sallau shugaban duk masu hasumiya, daga bakin teku zuwa gindin duwatsu. Ta ce kamar yadda aka sani, in mutum ɗaya mai ginshiƙi biyu ya ce bai yarda ba, taro ya watse. Sallau ya sha gaya mana wannan ma, yana dariya yana cewa ashe mutanen Folan maginan garinmu ne.

Aka fara zagayawa. “Mun yarda.” “Mun yarda.” Pan Dobek ya ce ya yarda, hasumiyarsa ma ta ce haka daga cikin aljihu. Sallau yana tsaye yana gyara hularsa, ya kalle ni ya kashe mini ido ɗaya, irin na wanda ya san nasa na nan.

Aka zo kaina. Na ɗauka muryata za ta maƙale kamar kullum. Ba ta maƙale ba. Ta fito sumul, kamar ta daɗe a bakin ƙofa da takalminta a ƙafa.

“Ban yarda ba.”

Ba wanda ya yi fushi. Aka yi tafi kaɗan. Pan Dobek ya zo ya ba ni hannu ya ce an daɗe ba a ji mai kyau irin wannan ba. Shamuwar ta juya shafi.

“An karɓa. Taro ya watse, kuma bisa doka duk abin da aka ƙulla a cikinsa ya kwance, tun daga ranar da aka buɗe shi.”

“Ai yanzu aka buɗe,” na ce.

Ta duba littafin. “A'a. Wannan taron naku ne, kai da shi. Yau shekara hamsin da ɗaya kuna zaune. Sauran duk 'yan kallo ne.”

Hasumiyar ta fara sauka. Bulo yana tashi ɗaya bayan ɗaya yana bin dusar ƙanƙarar zuwa sama. Tutar ta tafi, zauren garkuwoyi ya tafi, ɗakin keke ya tafi. Ba zan yi ƙarya a takarda ba: na ji daɗi. Garwashin nan ya yi sanyi, na ja numfashi har ƙasan ciki, abin da na manta rabona da yi. Na tsaya ina kallo hannuna a baya har tudun ya zama fili.

“Dubi ƙasa,” in ji shamuwar. “Ba a gama ba.”

Ƙanƙarar da muke tsaye a kai ta zama kamar gilashi, kuma garinmu ne a ƙarƙashinta, ana ganin komai. Rumfunan kasuwa da muka gina tare suka zauna suka koma tarin ƙasa. Ajin makarantar firamare guda biyu suka bi su. Soron masallaci ya buɗe kamar ƙwarya, don ni na ɗaure shi amma Sallau ne ya riƙe mini azara kwana tara. Katangar da ke tsakanin gidajenmu ta kwanta, awakinsa suka shiga gidana suka tsaya ba su san kowa ba. Ɗakin mahaifiyata, wanda ya rufa shi kaɗai a shekarar da na karye, ya tashi ya bar gadonta a fili.

Kafaɗata ta dama ta fara ciwo. Na tuna ranar da bango ya zo mini a gidan wani mai goro, Sallau ya fizge ni ta wuyan riga. Yanzu ba wanda ya fizge ni, saboda haka bangon yana ta isowa a hankali, shekara talatin a makare.

“Wannan duk na garin ne,” na ce. “A sake ginawa.”

“Saura ɗaya,” in ji ta.

Na ji ƙaiƙayi a kunne. Na sa hannu, sai ga wani abu baƙi ƙarami ya fito ya sauka ta kafaɗata. Harafi ne. Wani ya biyo shi, wani ya biyo shi, suka yi layi kamar tururuwa suka bi ta kan ƙanƙara suna tafiya. Na gane na farkon, shi ne wanda sunana ya fara da shi. Na sa ƙafa in tare su, suka zagaye.

Ajin yaƙi da jahilci. Sallau ne ya ja ni, ina turjewa ina cewa na tsufa. Shi ya riga ya iya karatu tun yana yaro, amma ya zauna kusa da ni a kan benci wata huɗu yana yi kamar bai iya ba, yana karantawa ba daidai ba da gangan, ana yi masa dariya, don kada a yi mini ni kaɗai. Ban taɓa gina masa ɗaki a kan wannan ba. Ban ma taɓa tunawa da shi ba sai da na ga bayan harafin ƙarshe.

Shamuwar ta turo littafin gabana. “Sa hannu, maganarka ta tabbata.”

Na karɓi alƙalamin. Na juya shi. Ban san ta wane kai ake kama shi ba. Shafin ya zama kamar inda kaji suka yi tonon tsaba.

“Ba komai,” in ji ta. “Muna da na irinku.” Ta jawo ɗan kwalin tawadar nan da ake dangwala yatsa, wanda na yi shekara arba'in da biyar ina sunkuyar da kai a gabansa.

Wani mutum ya matso kusa da ni. Ba riga mai ɗamara, ba hula mai gashi, sai silifas mai igiyar waya. Ya dube ni da fara'a irin wadda yake yi wa kowa.

“Sannu, Malam. Baƙo ne? In karanta maka abin da aka rubuta?”

“Sallau,” na ce.

“Na'am. A ina ka san ni?”

Na juya wajen shamuwar. “In ban dangwala ba fa?”

“Komai ya koma wurinsa. Har hasumiyar. Ba a rage ko bulo ɗaya, kuma gidanka yana nan a gabanta, kuma za a naɗa shi, kuma za ka ji zafi. Na saurari ƙirjinka, ba na jin zai daina.”

“Ba wata hanya ta uku?”

“An taɓa kawo shawarar a yi ta. Wani ya ce bai yarda ba.”

Ta kama babban yatsana da baki ta danna shi a tawadar. Sanyi gare ta. Ta kai shi saman shafin ta saki, ta ce sauran nawa ne. Baraden duk suka zuba mini ido. Dusar ƙanƙarar ta tsaya cak a iska tana jira. Pan Dobek ya raɗa mini cewa in na fasa, yana nan yana neman maƙwabci. Yatsana yana saman takardar, tawadar ta taru ta zama ɗigo tana shirin faɗuwa. Sai wani abu ya yi tari a ƙarƙashin tafkin. Gur-gur-gur, ya mutu. Gur-gur-gur, ya mutu.

Na buɗe ido. Gari ya waye, har rana ta taɓa kan katanga. Katangar tana nan. A bayanta Sallau ne yake ta bugun tsohon babur ɗinsa, wanda bai taɓa tashi da safe ba sai an tura.

Na dubi yatsana, ba komai. Na tashi na tsaya a gaban kalanda na sa yatsan a ƙarƙashin rubutun. Ma. Ris. Maris. Na sake karantawa sau biyu. Hasumiyar tana samansa, ja, kusurwarta a miƙe.

Na zura riga na fita. Yana tsaye yana haki, hular nan mai gashi a kansa cikin wannan zafin, kuma ta ƙofar zaurensa na hango sabuwar babbar riga an rataye an gama guga. Garwashin yana nan inda yake. Na ji shi sarai.

“Mai-shiru, yau ka makara. Tun ɗazu nake kiranka da babur.” Ya goge goshi. “Wai anjima me za ka ce a taron?”

“Abin da na saba faɗa.”

“Ai ba ka cewa komai.”

“To,” na ce. “Hau. Ka riƙe kan da kyau, kullum hagu kake karkata.”

Ya hau. Na sa hannu biyu na tura.